Shatin Kebur a Hannun Uwata

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya aiki, ya fama da amare da ƙawayensu masu rigima? Umma tana gaishe ki, ciwon bayanta ya yi sauƙi har ta koma kan keken ɗinki. Baba ma lafiyarsa ƙalau. Ƙarfi ma ya yi masa yawa, yanzu za ki ji.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Dogo direba. Ba ni da waya. Baba ya maka ta da bango, ya bi ta da ƙafa, sai da ya ga ta yi kaca-kaca ya ƙyale ta.

Goggo, wani abu ne ya fito mini a fuska. Da farko ɗan fari ne a gefen baki, kamar na sha madara ban goge ba. Sai ya fito a ƙasan idona na hagu, sai kan yatsu. Ba ya ƙaiƙayi, ba ya ciwo, faɗi kawai yake ƙarawa. Na nuna wa nas ɗin makarantarmu, ta ce albaras ne. Ta ce ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kuma ba wani abu na yi ya jawo shi ba. Ta ce in je babban asibiti.

Ban kai ga asibitin ba. Wani mai bakin tsiya cikin masu kai wa Baba aikin walda ya gan ni a titi, ya je ya ce masa a gaban mutane, "Maigida, ashe 'yar taka ma ta fara shafa man bilicin? Ga shi nan har ya fara ƙona ta." Kin san Baba da kishin sunansa. Ko hannu bai wanke ba ya taho gida. Ina tsugune ina wanke-wanke, sai dai na ji saukar mari. Kunnena ya ɗauki ƙara, na kifa cikin baho. Ya ɗago ni da wuyan riga, ya juya fuskata wajen haske yana cewa, "Ina man? Wane ɗan iska ne yake saya miki?"

Na ce, "Baba, wallahi ciwo ne, nas ta ce albaras ne."

Ya ce, "Albaras a gidan wa? Mu a jininmu babu wannan ƙazantar. Tun daga kan kakanni ban taɓa gani ba."

Ya zazzage ɗakina kaf, bai sami komai ba. Rashin samun ne ya ƙara tunzura shi, shi ne ya huce a kan wayar.

Jarrabawar ƙarshe ta matso, in na ci na zama malama. Amma ya rantse in farin nan ya ƙaru, ni da makaranta har abada. Ni kuwa ba ni da ikon hana shi ƙaruwa. Tsoro nake ji, Goggo. Ke ce gwanar gyaran fuska, ki taimake ni ki rufa mini asiri.

'Yarki, wadda kike kira Uwata.


Uwata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ina nan lafiya, sai ƙafa da ke kumbura don tsayuwa. Amare kuwa suna nan yadda kika san su, kowace so take in cire mata hancin ubanta in sa mata wani. Ki gaishe mini da Ummanki.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa. Yaya tun muna yara hannunsa ya fi tunaninsa sauri. Sunan mahaifiyarmu gare ki, amma bai ji kunyar ɗaga miki hannu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai dai ni na san shi, ba a ja da shi, kewaye shi ake yi.

Ga kwali nan na ba Dogo. Ki natsu ki ji yadda za ki yi. Akwai wani jan mai a ƙaramar kwalba, shi za ki fara ɗiga a kan farin kaɗan-kaɗan. In kika tsallake shi, duk abin da kika ɗora a kai toka-toka zai fito. Sai fankeke, kala uku na sa miki, ki gauraya a bayan hannu har ya zo daidai da wuyanki, ba da goshinki ba. Da soso za ki riƙa dannawa, kada ki goga. Ki bi da hoda, ki jira ta zauna. In zufa ta karyo, ki dafa da tsumma, kada ki share. Ruwan nan mai ruwan ƙasa na yatsu ne, yana kwana biyu bai fita ba, amma ki rage wanki da hannu. Kada ki zauna ƙarƙashin farar fitila, kuma kada ki yarda mai fararen kaya ta rungume ki. Kada ki tambaye ni yadda na san duk wannan, sana'ata ce.

Ki shafa kullum kafin kowa ya tashi, kada ki tsallake ko rana ɗaya. In kika dage, ko ubanki ba zai gane ba. Kwalin kuwa ki ɓoye shi inda ko ɓera ba zai gani ba.

Ki daina kuka, kuka yana kwaranye kwalliya. Ki yi karatunki. Mutane ba sa ganin abin da ba a nuna musu ba, ni shaida ce.

Goggonki.


Auta,

Sallama kawai zan yi miki, don ita dole ce. Lafiyarki ba na tambaya.

Ashe ke ce. Na yi ta zargin samarin unguwa, ashe ɓarnar daga cikin gida take. Na ga kwalinki a ƙarƙashin katifar 'yata, na ga takardarki. "Ki shafa kullum, ko ubanki ba zai gane ba." Da hannunki kika rubuta, Auta. Ni za ki haɗa kai da 'yata ku mayar sakarai?

Ga kayanki nan na dawo miki da su. Guduma na sa musu ɗaya bayan ɗaya, madubin ma na haɗa da shi. Ita kuma na tsaya a kanta ta wanke fuska da soson ƙarfe har sai da na ga abin da ke ƙasa. Ya ninka na da. Man naki yana aiki, sai ki yi murna.

Ke kin zaɓi rayuwarki. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin fuskarki ba fenti, ko makokin mahaifiyarmu da fenti kika zo, na kau da kai. Amma 'yata ba za ta bi sawunki ba. Launin da Allah ya ba ta bai yi mata ba, sai ta saya a kwalba? Na kulle ta. Mabuɗin yana aljihuna. Na gaya mata duk sabon farin da na gani, na san ta sake shafawa, kuma jikinta ne zai gaya mata. Ba makaranta, ba jarrabawa, sai ranar da ta daina.

In kika tako ƙofar gidana, wallahi sai na karya ki.

Yayanki.


Goggo,

Ina gaishe ki, in har kina son gaisuwata. Umma ba ta da lafiya, kafaɗarta ta goce. Ta shiga tsakanina da Baba ne ya hankaɗe ta, ta bugu da keken ɗinki. Duk da haka ita za ta saci jiki ta kai wa Dogo wannan takarda.

Sau uku Dogo yana zuwa garin nan, kowane zuwa Umma ta tambaye shi, ya ce ba saƙo. Na gane. Kin ji haushi an farfasa miki kaya masu tsada, kin ga na jawo miki zagi, kin cire hannunki. Ba komai. Amma ki ji abin da ake ciki, ko don ki sani.

Kullum ya dawo daga shago sai ya buɗe ƙofa ya ce in matso wajen taga. Ya kama haɓata ya juya ni dama da hagu kamar mai duba ƙarfen da zai saya. In ya ga wurin ya ƙaru, sai ya ciro kebur ɗin injin walda, wanda ya yanke ya ninka biyu. Ba ya ma ihu yanzu, dukan kawai yake yi. Ni kuma na daina cewa ciwo ne, hannu kawai nake karewa da shi. Ranar nan ya yi mini jina-jina har na saki fitsari a tsaye. Ya ga haka ya fita, na ji shi a tsakar gida yana cewa, "Ni nake kashe kaina a bakin wuta don ki zama mutum."

Inda soson ƙarfe ya ɗaye mini kumatu ya warke, amma fari ya warke. Shatin kebur ɗin da ke hannuna ma haka, duk inda ya fasa fata, in ɓawon ya faɗi sai ya bar farin layi. Shi kuma in ya ga layin sai ya ce har a hannu nake shafawa. Ya tsage katifa, ya kwance silin, yana neman kwalbar da babu ita. To yaushe abin nan zai ƙare, Goggo? Ya doke ni don na yi fari, in yi fari don ya doke ni.

Jarrabawa ranar Litinin ta sama ce. Littattafaina suna nan, ina karantawa da ido ɗaya, ɗayan ya kumbura.

Kin ce in daina kuka don kada kwalliya ta kwaranye. Da sauƙi a bakinki. Ke da ko daga barci kika tashi fuskarki sumul take, me kika sani game da tashi da safe kana tsoron fuskarka? Na tsani fuskar nan. Da zan iya ɗaye ta in miƙa masa ya huta, da na yi.

Uwata, in har yanzu ni ce.


Uwata,

Ke ce, har gobe ke ce. Ina gaishe ki, ina duba Ummanki da jiki. Ni ma ɗinki uku gare ni a leɓe, yanzu za ki ji dalili.

Ba haushin kaya ya sa na yi shiru ba. Tsoro ne. Na san maganar da za ta cece ki, na kasa faɗa. Da takardarki ta zo na karanta inda kika ce me na sani game da tsoron fuska, sai na rufe shago na hau motar Dogo.

Ban zo gida ba, don mabuɗin ba ya gida. Shagon ubanki na wuce, da cikakkiyar kwalliyata. Yana tsugune yana walda ƙofa, mutane na zaune a benci suna jira. Na cire wayar injin daga bango. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya gan ni, ya miƙe.

Ya ce, "Ban ce kada ki zo ba?"

Na ce, "Gidanka ka ce. Ba ni mabuɗin."

Ya hankaɗe ni na faɗa kan tulin rodi. Na tashi na cakumi rigarsa, na ce, "Ka ji kunya, Yaya! Ƙato da kai, ka rasa abokin dambe sai 'yar cikinka!" Sai ya kai mini bayan hannu a baki. Na ji haƙori ya shige leɓe, jini ya cika mini baki. Jakata ta faɗi, ya take ta, na ji kwalabe suna fashewa. Mutane suka riƙe shi yana fizgewa yana cewa, "Ku sake ni in kashe annoba!"

Na sa gefen mayafi na share jinin. Da na duba mayafin, ba jini kaɗai ya kwaso ba, har da fankeke. Sai na ji wani irin sanyi a raina, na ce to, yau dai a yi ta ta ƙare. Akwai bokitin da yake tsoma ƙarfe mai zafi, ruwan baƙi ƙirin, da guntun sabulu a gefe. Na durƙusa na wanke fuskata tas. Na wanke wuya, na cuɗe hannuwa har gwiwa. Na miƙe na tsaya a rana.

Uwata, rabin goshina fari ne. Kewayen idanuna duka biyu fari ne, bakina fari ne har haɓa. Tun ina kamar shekarunki ya fara. Shi ya sa na bar gida na koyi kwalliya, a fuskata na koya kafin in taɓa ta kowa. Shi ya sa in na zo muku ba na wuce kwana ɗaya, kuma nake riga kowa shiga wanka.

Wani a benci ya janye ƙafarsa. Ubanki ya buɗe baki ya ce, "Ke ma man…" sai maganar ta maƙale. Na matsa har ina jin numfashinsa, na ce, "Dube ni da kyau. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ga jinin naku da ka ce babu ƙazanta." Na nuna masa tsohon yankan wuƙa a babban yatsana, wanda ya warke fari. Na ce, "Likita ya gaya mini, mai wannan ciwo duk inda fatarsa ta fashe tana iya warkewa fari. Je ka ɗora kebur ɗinka a kan hannun 'yarka, ka ga wa ke shafa mata man."

Na gaya masa in Dogo ya zo ranar Juma'a ya tarar da kwaɗo a ƙofarki, da 'yan sanda zan dawo, a kai mu duk inda za a kai mu.

Aka kai ni aka ɗinke leɓen. Na so in biyo in gan ki ta taga, ƙafata ta ƙi. Nuna masa da na yi cikin fushi ne, ke kuwa kunyarki nake ji. Kin kawo mini kukanki, na aiko miki da abin ɓuya. Haka na hau mota ba ko hoda, wata mata ta canza kujera, ban mutu ba. Da na sauka na tsaya wajen mai hoto. Ga shi nan cikin takardar, ki ga Goggonki.

Ni ce.


Goggona,

Assalamu alaikum. Ya leɓe? Umma ta ce a gaya miki ki daina surutu har ya haɗe, na ce mata wannan sai dai a ɗinke bakin gaba ɗaya. Kafaɗarta da sauƙi. Ni ma idona ya sace, kunnen hagu ne dai har yanzu yake ji kamar an toshe da auduga.

Hotonki yana jingine a kan littattafaina. Na daɗe ina kallonsa. Na yi kuka, na kuma ji haushinki, sannan na ga ashe idanunki manya ne, ban taɓa lura ba. Ki yafe mini abin da na rubuta.

Ranar da kika zo, Baba bai dawo da wuri ba. Da ya dawo na ji ƙarar mabuɗi, na miƙe na tafi wajen taga da kaina, don na saba. Kebur ɗin yana hannunsa. Na ɗaga hannu na kare fuska. Sai na ji ya kama hannun, ba da ƙarfi ba. Ya miƙar da shi, ya ɗora kebur ɗin a kan farin layin da ya fi tsawo. Goggo, ya zauna daidai, har lanƙwasar da ya ninka. Ya matsar da shi kan na biyu, ya matsar kan na uku. Sai ya saki hannuna. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya yi wani irin kuka da ban taɓa ji a bakin namiji ba, yana buga ƙeyarsa da bango har Umma ta shigo ta riƙe kan.

Ya ce, "Mamana, zai goge?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ban ce na yafe ba, shi ma bai roƙa ba. Ban san ranar da zan iya ba. Ya fita ya bar ƙofar a buɗe, kwaɗon da kebur ɗin kuma ban sake ganinsu ba.

Ranar Litinin na shirya. Umma ta miƙo mini babban mayafi da ragowar hodarta, na ce ta bar su. Riga mai gajeren hannu na sa, don zafi ake yi, kuma na gaji. Haka na fita. Baba ya biyo ni a baya, bai ce zai raka ni ba, ni ma ban ce ya koma ba.

A tashar mota wani mai sayar da katin waya ya kalle ni ya yi dariya, ya ce, "Kai, 'yan mata, bilicin ya yi gardama!" Kafin in juya Baba ya shaƙe shi ya haɗa shi da jikin mota, ya ɗaga ƙulli. Idon mutumin ya firfito. Na san wannan ƙullin. Na riƙe hannun Baba da hannuna mai layi-layi, na ce, "Baba, sake shi. Duka ya isa haka." Ya dubi hannuna, ya sake shi. Na juya na ce wa mutumin, "Albaras ne, malam. Ba a ɗauka." Shi ne karo na farko da na faɗa da ƙarfi a gaban mutane, kuma muryata ba ta yi rawa ba.

Na rubuta jarrabawa, ta yi kyau. Jibi za mu je babban asibiti ni da Umma. Baba ya ce in tambaye ki wace rana za ki zo, ya kasa rubutawa da kansa. Na ce masa sai kin ga dama.

In za ki zo, ki zo da fuskar da ke cikin hoton, ki kwana uku, mu yi layin wanka tare da kowa. Ki taho mini da kwalli da jan baki mai duhu, ina son kwalliya, kuma ke za ki koya mini. Fankeken dai ki bar wa amarenki.

'Yarki,
Uwata.